Rediyo ko layin waya: wanne ya fi riƙe fiks a duwatsun Jos?

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana awon filaye tsakanin Rayfield da Bukuru, wani lokaci har gindin duwatsun Shere, da na'urar GPS ta awo, kana karɓar gyara (saƙon da ke daidaita lissafin taurari) daga tashar CORS, wato kafaffiyar tashar GPS mai aiki dare da rana, ta layin waya, amma na'urar ba ta zama a fiks, wato tabbataccen awo na santimita, yanzu ta kama, an jima ta koma fulot, awon da bai tabbata ba. Shi ne kake tunanin haɗa kuɗi ka sayi ta biyu ka girke, su riƙa magana ta rediyo.

Kada ka taɓa aljihu tukuna. Rediyo da layin waya duk 'yan aike ne: suna ɗauko saƙon gyara daga na'urar da ke zaune a wurin da aka san lambobinsa, su kawo wa wadda ke kan sandarka. Babu wanda zai ƙara maka tauraro ko guda a cikinsu. Don haka duk sanda fiks ya faɗi, ka dubi fuskar kwantirola, wato na'urar hannu da kake sarrafa GPS ɗin da ita, ka karanta daƙiƙun da ke nuna yaushe gyara ya shigo na ƙarshe. In kana ganin 1 ko 2 amma kana fulot, saƙo yana zuwa, in ba nisan tasha ba ne, matsalarka a sama take, ko ka sayi rediyo haka za ka ci gaba da fama. In kuwa lambar tana hawa, 5, 10, 30, to hanyar saƙon ce ta yanke, kuma a nan ne kawai zancen wanne ya fi yake da amfani.

Daɗin layin waya kowa ya san shi. Na'ura ɗaya, kai da yaronka, ba wanda za a bari yana gadin komai, kuma lambobin yau suna hawa kan na jiya tunda tashar ba ta motsi. Data ba ta ci sosai, 'yan megabayit ne a awa. Abin da NTRIP, tsarin da ke kawo gyara ta intanet, yake so shi ne sabis da ba ya yankewa, ba mai gudu ba, shi ya sa za ka ga WhatsApp yana shiga lafiya lau amma gyara yana tsinkewa: saƙon WhatsApp yana iya jira, na gyara in ya tsufa ya tashi aiki. Idan ya ƙi haɗuwa, akwai tsarin bi. In jerin tashoshi bai fito ba sam, ka duba data, APN (saitin intanet na layin), adireshin da lambar ƙofa (port), wadda galibi 2101 ce. In jerin ya fito amma an kore ka, sunan shiga ne ko kalmar sirri, ko kuɗin ya ƙare, ko kuma wani abokin aiki ya shiga da asusunka a wani wurin, don masu sabis da yawa na'ura ɗaya suke bari a lokaci guda. In ka shiga amma babu abin da ke saukowa, ko dai ba ka kunna aika GGA ba, wato na'urarka ba ta gaya wa uwar garke, kwamfutar mai ba da sabis, inda take, ko kuma tashar ce kanta ta mutu, wuta ko intanet ɗinta. Wannan na ƙarshen shi ne babban raunin layi: ba abin da za ka iya yi daga fili sai kiran waya.

Sai nisa. Takardar yawancin na'urorin RTK, irin wannan awo da ake karɓar gyara nan take, tana cewa kuskurensu milimita 8 ne a kwance da 15 a tsaye, da ƙarin milimita ɗaya a kowace kilomita tsakaninka da tasha. A kilomita 10 wannan ba komai ba ne. Da ka wuce 30 kana jingine da tasha guda, ba kuskuren kaɗai ke ƙaruwa ba, kama fiks ɗin ma sai ya riƙa jan ƙafa, saboda iskar saman da siginar ta ratso a kanka ta bambanta da wadda ta ratso a kan tashar. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin CORS na gwamnati da ake kira NIGNET tun 2008, an kafa ta Abuja da ta cibiyar Toro da ke kan hanyar Bauchi, ga kuma na 'yan kasuwa. Ka tambayi mai ba ka sabis takamaimai ina eriyarsa take, ka auna nisan zuwa filinka. Mutumin da ke Bukuru yana jan gyara daga Abuja bai kamata ya zargi kamfanin waya ba.

Rediyo kuma ba ruwansa da sabis, ba ruwansa da kuɗin wata, kuma tunda girkakkiyar tana kusa da kai, sama ɗaya kuke kallo, fiks yana zuwa da wuri. A ƙauyukan Riyom ko Barikin Ladi inda sandar sabis a fuskar waya take ɗaya ko babu, shi ne mafita. Amma yana da nasa halin, kuma ƙasar Jos ta san yadda take fito da shi. A zangon UHF yake aiki, tsakanin 410 da 470 MHz, yana son eriya ta ga eriya. Na cikin na'ura wat 1 ko 2 ne, a fili shimfiɗaɗɗe zai kai ka 'yan kilomitoci, amma ka zagaya bayan tulin dutse ɗaya, ko ka gangara bakin tsohon kududdufin kuza, sai ka ga daƙiƙu sun fara hawa alhali ba ka yi nisa ba. Mutane sukan ruga su sayi na waje mai wat 35. Yana taimakawa, amma ɗaga eriya sama ko girke na'urar a kan tudu ya fi ƙara wat amfani, kuma kyauta ne. Babban rediyon batirin mota yake sha, da rana ta take batir ya yi sanyi sai nisan ya ragu, ka ɗauka dutse ne. Kuma kada ka kuskura ka kunna shi ba eriya a jiki, yana iya ƙonewa.

Yawancin "rediyo ya ƙi" da nake gani saiti ne. Lambar canel ɗaya a na'urori biyu ba ta nufin mitar rediyo (MHz) ɗaya, musamman in kamfanoninsu daban. Ka duba mitar kanta, da yaren da suke magana da shi, TrimTalk ne ko Satel ko wani, da saurin aikawa, 9600 ko 19200. In ka kunna rukunonin taurari na GPS da GLONASS da Galileo da BeiDou gaba ɗaya a kan 9600, saƙon yana iya fin ƙarfin hanyar, sai ya riƙa zuwa a gutsure. Ga kuma wahalar da ba ta cikin takarda: kaya ninki biyu, mutum guda zai wuni zaune a gindin ƙafa-uku don kada saniya ko yara su taɓa, kuma in ba a kan bikon da aka san lambobinsa ka girke ba, duk aikin yana iya gocewa da mita ɗaya ko fiye, alhali allo yana nuna maka fiks kore shar.

Yanzu abin da ya fi ƙarfin su biyun. Taurarin GPS suna nisan wajen kilomita 20,200, siginarsu tana isowa a raunane. Ka tsaya jikin dutse ya rufe maka rabin sama, PDOP, lambar da ke hawa in taurarin da kake gani sun taru gefe guda, ya haura 6, ba ɗan aiken da zai cece ka. Rufin kwano, doguwar katanga, fuskar ruwan kududdufi da dutsen kansa suna mayar da sigina ta shigo ta hanya biyu, wannan ya fi fulot haɗari don yakan ba da fiks na ƙarya. Ƙarƙashin itatuwan turare da mangwaro ma haka. A irin wurin nan ka auna, ka kifa sandar har ta rasa taurari, ka bari ta sake kamawa, ka sake aunawa. In biyun sun saɓa da santimita da yawa, kada ka yarda da ko ɗaya; ka kafa maki biyu a sarari ka ja kusurwar da tef ko total, na'urar awon kusurwa da nisa.

Ka kuma lura da agogo. Nijeriya tana cikin yankin da saman iska yake rikicewa bayan faɗuwar rana, ya fi tsanani wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, kuma ya ƙaru a shekarun da hargitsin jikin rana yake kan ganiyarsa kamar 2024. In matsalarka daga magariba take farawa, ka mayar da aikin safe. Hazo da gajimare da ake yawan ɗora wa laifi ba su da wani tasiri a nan. Hadarin Jos dai in ya haɗo ka kwantar da sandar ka shiga mota, saboda tsawa.

Wani lokacin ma ba sama ba ce ba gyara ba, Bluetooth ne tsakanin kwantirola da kan na'urar. In wayar Android kake aiki da ita, tsarin tattalin batir yakan kashe manhajar da zarar allo ya mutu. Ka cire ta daga ciki.

A ganina, aikin Rayfield zuwa Bukuru bai kai a sayi na'ura ta biyu ba. Ka riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, ka gwada ba wa kwantirola intanet daga wayarka maimakon layin da ke cikin na'urar, don tsofaffin na'urori da yawa 2G ko 3G kawai suke kamawa. Ranar Shere, ka yi hayar girkakkiya ka hau da ita tudu, ka kuma kunna ajiye ɗanyen bayani a duka biyun, ta yadda ko rediyo ya yanke za ka warware makin a ofis. In ka ga fiye da rabin aikinka ya koma ƙauyukan da ba sabis, a lokacin saye ya kama, kuma ka nemi wadda take da rediyo da gurbin layi duka.

Gobe in fiks ya faɗi, ɗauko mana hoton allon da ke nuna yawan taurari, PDOP da daƙiƙun gyara, ka faɗi ƙarfe nawa ne da nisanka da tashar, ka turo mu duba tare.