Gargaɗi: mai kwas ɗin lissafin albashi a WhatsApp ya cinye min naira 185,000

Jama'a ku yi min uzuri idan rubutun nan ya zo a hargitse, raina a ɓace yake. Naira 185,000. Kuɗin adashin da na kwasa, na tura wa wani ɗan damfara, wai kuɗin kwas na samun satifiket ɗin ƙwarewa a lissafin albashin ma'aikata.

Kada wani ya zo min da maganar kwaɗayi. Ba ninka kuɗi aka ce za a yi min ba, ilimi na je nema. Ni ke haɗa albashi a wurin aikinmu a nan Kano, kuma tun da Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, aka ce za su fara aiki a Janairun 2026, duk mai irin aikina hankalinsa a tashe yake. A daidai lokacin na ga tallarsa a Facebook. Wa zai ƙi?

Kuma wallahi sai da na gwada shi. Hirar da muka yi a waya ce ke hana ni barci. Na ce masa fansho kashi nawa ake cirewa, kuma a kan me? Ko jim bai yi ba: kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, dokar fansho ta 2014, a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. Na ce harajin PAYE fa, wato wanda ake cirewa daga albashi? Ya ce kafin 10 ga watan da ke biye. Shi da bakinsa ya yi min bayanin cewa a sabuwar doka naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, da rangwamen kuɗin haya na kashi 20 wanda ba ya wuce naira 500,000. Duk daidai. Na duba daga baya, duk daidai ne. Muna tsakiyar magana aka kira magariba, ya ce, "Malam, bari in yi salla in kira ka." Ya kuwa kira. Ku gaya min, wane ne zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Rajista 45,000. Darasi 90,000. Jarrabawa 50,000. Ku haɗa da kanku, 185,000.

Ranar da aka cire ni daga gurup ɗin WhatsApp na kwas ɗin, a'a, bari in koma baya. Kafin nan an ma yi darasi ta Zoom, muryarsa muke ji, kyamara a kashe, wai intanet ba ƙarfi. Ya turo samfurin satifiket mai hatimi ruwan zinare, da lambar rajistar kamfani a ƙasa, ya ce suna da alaƙa da wata babbar cibiyar ƙwararru a Legas. Asusun da na tura kuɗin na sunan mutum ne, kuma na yi magana, kada a ce ban yi ba. Ya ce asusun kamfanin, banki na gyara shi, wannan na akawunsu ne. Gurup ɗin kuwa shi kaɗai ke iya rubutu, wai don gudun surutu. Ashe don kada mu san juna ne.

Ranar jarrabawa ta zo, aka ɗaga. Aka sake ɗagawa. Sai ga saƙo wai kowa ya ƙara 30,000 ta aiko da satifiket daga Legas. Satifiket ɗin jarrabawar da ba a yi ba! Na rubuta masa a keɓe cikin ladabi, na ce ina son rasit na 185,000 ɗina tukuna. Kafin la'asar an cire ni, lambar wayarsa ta daina shiga. Na sa lambar rajistar nan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai sunan wani kamfani daban ya fito, wanda ko kusa ba ruwansa da koyarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai wani ƙanenmu a ofis da ya biya 45,000 ta rajista saboda ya ga na shiga. Yaron nan kullum sai ya gaishe ni, "Yaya, ina kwana", bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. A gida ma da ƙyar na iya faɗa wa maman yara.

Na kai rahoto banki, ina kuma haɗa takardun da zan kai EFCC. Shaidar tura kuɗi, hirarmu, saƙonnin murya, samfurin satifiket ɗin, duk ina da su, zan ɗora hotunan da daddare in sha Allahu bayan na rufe bayanan asusuna.

Kada ku tura kuɗin kwas a asusun mutum. Duk wanda ya ce yana tare da cibiyoyin ƙwararru irin su CIPM ko ICAN ko ANAN, ku tuntuɓe su da kanku, ku duba CAC kafin ku biya ko sisi. Wanda yake cikin gurup ɗin nan har yanzu, kada ya biya 30,000 ɗin, ya neme ni mu haɗa ƙorafi. Shi kuwa, 185,000 ɗina da 45,000 ta yaron nan, ban yafe ba, Allah ya isa.