Yawon kurmin Kanching da ɗan jagora: ƙanshin kafur da cizon matsattsaku

A shekarata ta biyu ta karatu a Kuala Lumpur na yarda na biya kuɗin yawon daji tare da ɗan jagora, bayan abokin zamana, wani ɗan Bauchi, ya dame ni da cewa mutumin Gombe da bai wuce Dadin Kowa da Yankari ba bai san abin da ake kira kurmi ba. Mun zaɓi dajin Kanching da ke kusa da garin Rawang, arewa da birnin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, kuma mun bi ta hannun kamfanin nan da ɗalibanmu suka saba hulɗa da shi, a kan farashin da kowa ya sani.

Ɗan jagoran dattijo ne ɗan ƙasar, mai sanyin magana, kuma tun a rabin awar farko na ji kuɗina sun fita. Ya tsaya a gindin wata bishiya miƙaƙƙiya wadda sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya hango ƙarshenta, ya tsinci ganye ya murza, ya miƙo mini. Ƙanshin kafur ne, irin wanda mahaifiyata take sakawa a akwatin tufafi. Sunan bishiyar a harshensu kapur. Da ya ce mu ɗaga kai, sai muka ga rassan saman bishiyoyin ba sa taɓa juna, kowace ta bar wa 'yar'uwarta tazara, har sararin sama ya yi kama da ƙasar fadama idan ta tsattsage da rani. A lokacin na riga na ƙudurta zan ba kamfanin cikakken yabo.

Sai muka bar matakalan siminti da ke bin wata magangarar ruwa mai hawa bakwai, muka shiga wata 'yar hanya mai danshi, domin an kwana ana ruwa. A tallar da suka turo mana an rubuta ƙarara cewa akwai safar kariya daga matsattsaku a cikin kuɗin. Da na tambaya a mota, direban ya ce tana wurin ɗan jagora; da na tambayi ɗan jagora, ya ce ofis bai ba shi komai ba. Ni kuwa a saninmu na gida matsattsaku a cikin ruwa suke, a tafki ko rafi, saboda haka ban damu ba tunda ba wanka na zo yi ba. Ashe nasu a kan tudu suke, suna tsaye a kan ganyaye kamar tsinken ashana, suna jiran ɗumin jikin mai wucewa. Ban ji cizo ba ko kaɗan. Abokina ne ya dubi ƙafata ya ce, “Malam, farin wandonka ya zama ja.” Da na naɗe wandon sai ga guda huɗu sun ƙoshi sun kumbura, biyu a idon sawu, biyu a ƙwauri.

Dattijon ya hana ni fizge su, ya sa farce ya ture bakin kowanne a hankali, sannan ya bayyana mini cewa yawunsu yana ɗauke da sinadarin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa wurin zai daɗe yana zuba. Haka kuwa aka yi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu ko filasta ɗaya a jakar agajin da kamfanin ya ba shi, sai da ya yagi nasa hankicin ya ɗaure mini. Azahar ta same ni da wando jina-jina, na tsaya a bakin ruwa ina wankewa, birai kuma suka yi amfani da wannan damar suka zuge jakata suka tafi da ledar dabinon da aka aiko mini daga gida. Wannan ba laifin kowa ba ne, domin an gargaɗe mu game da su.

Dattijon ya cancanci abin da na damƙa masa a hannu, har ma da ƙari, kuma duk ɗan Gombe ko Bauchi da ya zo karatu ya kamata ya je ya ga bishiyoyin nan. Amma kamfanin ban yafe masa ba. Na rubuta musu sau biyu ina neman a mayar mini da kuɗin safar da aka caje ni, amsar da na samu kawai ita ce hoton rukuninmu a gindin ruwan, ni ina gefe da wando naɗe zuwa gwiwa, tare da roƙon in ba su tauraro biyar. Biyu na ba su, duka biyun kuma na dattijon ne. Wuraren cizon sun yi fiye da mako guda suna yi mini ƙaiƙayi.