Karen Azawak, karen gida ko na Turai: wanne za ka saya don farauta?

Da an gama girbi, sanyi ya fara sauka a Tawa, samari masu sha'awar farauta kan tare ni da tambaya ɗaya: "Baba, wane kare zan saya?" Tun ina saurayi nake kiwon karnukan farauta, ina haɗa su barbara, ina horar da ƴaƴansu, kuma amsata ba ta sauya ba. In gudu kake so a fili, ka nemi karen Azawak. Sai dai ka nemi na ainihi, domin yau kasuwar ta cika da jabu.

Karen nan namu ne. Sunan kwarin Azawak ya ɗauka, wanda ya miƙe daga arewacin jiharmu, wajen Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya, har cikin Mali. Abzinawa da Fulani makiyaya ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni, yana tsaron garke da dare, yana kamo zomo da rana. Turawa sun fara kwasar shi zuwa Turai a farkon shekarun 1970, kuma ma'aunin da ƙungiyar karnuka ta duniya ta rubuta a kansa ya yi daidai da abin da tsofaffinmu ke dubawa da ido. Namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Mace 60 zuwa 70, nauyi kilo 15 zuwa 20. Ka lura da wannan tsawo a kan wannan ɗan nauyi. Tsayinsa ya fi tsawon jikinsa, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame har ya kusa manne wa baya, fata siririya, gashi gajere, a ciki ma kusan babu. Kunnuwa a kwance suke a gefen kai, ƙasusuwan ƙugu a fili ko da ya ƙoshi. Yawancinsu ja ne ko ruwan yashi, da fari a ƙirji, a ƙafafu da bakin wutsiya.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne zafi. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a nan, shi kaɗai na sani yake iya bin zomo a kan fako, ya juya inda zomon ya juya, ya dawo yana haki kaɗan, ya kwanta a inuwa, anjima ya sake tashi. Tafin ƙafarsa ya saba da karangiya da tsakuwar Adar, wato ƙasarmu ta Tawa. Cinsa kaɗan ne: tuwon hatsi, nono, da ɗan nama ko kayan cikin abin da ya kama.

Yana da hali, kuma dole ka san shi kafin ka kawo shi gida. Mutum ɗaya yake riƙewa, ba ya sakin jiki da baƙo, ba ya kuma manta duka. Wanda ya ɗaga masa sanda sau ɗaya ya yi asarar kare, don daga ranar zai riƙa kallonka daga nesa. Ni da murya da abinci nake horar da nawa. Kwikwiyo ya fara sanin sunansa da kira, sannan in ya kai wata shida ko bakwai in bar shi ya bi tsohuwar karya zuwa bayan gari, yana gani yana koyo. Gudu mai tsanani kuwa sai ya haura shekara, ƙashi ya yi ƙwari. Da ido yake farauta, saboda haka a cikin duhuwa ko ciyawa mai tsawo ba ya da wani tasiri. Ba ya son ruwan sama, ba ya son sanyi, a lokacin hunturu sai ka tanadar masa buhu ko tsumma.

Karen gida irin na ƙauyukanmu ban raina shi ba. Hancinsa ya fi na Azawak, ya iya tono gafiya, ya iya tayar da zabin daji, ga arha ga juriya. In wurin farautarka fadama ce ko gonaki, shi ya fi dacewa da kai. A fili ne kawai zomo ke barinsa a baya.

Cikin karnukan Turai, Barje, wato karen Jamus, gashi ya yi masa yawa, kuma da yawansu ƙugu ke lalacewa tun ba su tsufa ba. Malinuwa na Beljiyam karen soja da ƴan sanda ne, in ba ka da aikin ba shi kullum zai cinye maka ƙofa da tabarma. Manyan karnukan nan masu faɗin kai da ake kawowa Yamai daga bakin teku kuwa, na zaman ƙofar gida ne.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Akwai masu kama dogon karen gida su hana shi abinci har haƙarƙari ya fito, su ce maka Azawak ne. Ka shafa cinyarsa. Na ainihi ramammen gani ne amma cinyar cike take da tsoka mai tauri, idonsa garau, fatarsa na sheƙi. Na yunwa cinya a lanƙwame, gashi a bushe. Wanda aka yanke wa kunne ma ka yi hattara da shi: yankan kunne tsohuwar al'adar mafarauta ce, amma mai son ɓoye tsayayyen kunnen karen gida ma da ita yake fakewa. Akwai masu ƙarya kan watanni. Buɗe bakin ka gani, haƙoran nono kan fara zuba wajen wata huɗu, zuwa wata bakwai duk na girma sun fito. Wanda aka ce maka wata uku gare shi alhali bakinsa cike da manyan haƙora, tsumburarre ne, ba zai ƙara tsawo ba. Kuma kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako takwas a gindin uwarsa ba, komai arharsa.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce takardar rigakafi ta ƙarya. Wani dillali ya taɓa kawo mini kwikwiyo da karne, wato takardar rigakafin, mai hatimi da sa hannu, ashe ko allura ɗaya ba a yi masa ba. Cikin kwanaki ya fara amai da zawo mai jini mai wari, cutar da likitocin dabbobi ke kira parbo. Ya mutu, ya kuma tafi da ƴaƴan karyata gaba ɗaya, jinin da na yi shekaru ina tacewa. Ƙwayar cutar nan tana zama a ƙasa watanni da yawa, sai da na wanke wurin da ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta, na bar shi fanko tsawon lokaci. Tun daga nan ba na duba kyan kare sai na duba takardarsa. Kowace allura tana da ɗan tambarin kwalba da ake mannawa, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi ta. Ka je ka same shi ka tambaya. Maganin rigakafin da ya kwana a aljihu ko a rana ya mutu, ko da an yi allurar a gabanka. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp kuwa ba shaida ba ce, sau da yawa daga intanet aka ɗauko shi. Ka ce a nuna maka uwa tana shayarwa, in da hali da uban. Babban kare horarre da aka kawo maka da araha, ka ɗauka na sata ne har sai ka ga mai shi.

Hanya mafi tsabta ita ce ka ƙulla zumunci da makiyaya. A al'adarsu kare mai asali kyauta ake ba da shi ga wanda aka yarda da shi, kai kuma ka yi tukuici, wanda ya fitar da kai daga saɓanin malamai kan cin kuɗin kare. Sai dai ka yi haƙuri, karyar Azawak galibi sau ɗaya take haihuwa a shekara, cikinta wata biyu da ƴan kwanaki, masu jira kuma suna da yawa.

Kafin ka fita da shi daji ka leƙa wajen ma'aikatan gandun daji, domin dokar farauta ta 1998 ta tanadi izini da lokaci, kuma barewa ta yi ƙaranci, ka bar ta ka tsaya ga zomo. Sabon kwikwiyo ka ware shi mako biyu kafin ya haɗu da sauran, ka ba shi maganin tsutsar ciki, ka cire masa kaska, sannan da ya cika wata uku a yi masa allurar haukan kare.