Ƙamus Mai Hotuna da Na Saya wa Ɗiyata a Yaba

Wata huɗu ke nan da na saya wa ɗiyata, wadda take aji uku na firamare a nan Agege, wani ƙamus na Turanci mai hotuna a wurin masu sayar da littattafai na Yaba. Na saye shi ne domin yaranmu na Legas suna tashi da Hausa a gida, su ji Yarbanci da Turancin Buroka a layi, sannan makaranta ta buƙaci su rubuta Turanci tsantsa.

An kasa kalmomin bisa wuraren da yaro ya sani, kamar kicin da aji da kasuwa. Ranar farko ta ɗora yatsa a kan hoton bokiti, ta karanta "bucket", ta ɗago kai ta ce, "Baba, ashe tamu ce!" Na bayyana mata cewa mu muka aro ta, kamar yadda muka aro tebur da buroshi da fensir.

Inda littafin ya fi yi mana amfani shi ne wajen raba ma'anar makaranta da ta kan titi. Ta daɗe tana ɗaukar "chop" a matsayin cin abinci, domin haka take jin ana faɗa idan ta raka mahaifiyarta kasuwar Mile 12, sai ga hoton wata mata tana yayyanka albasa a kan katako, da jimla ɗaya a ƙasa. Haka kuma ya raba mata "borrow" da "lend", waɗanda ke rikita ɗan Bahaushe saboda kalmar aro ita ce tushen duka biyun a wurinmu: na ari littafi, na ara masa littafi.

Sai dai babu wani taimako a kan furuci, kuma wannan ya dame ni, domin Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" suke fitowa iri ɗaya a bakinta har sai na zauna da ita muna maimaitawa. Akwai shafi guda na dusar ƙanƙara, amma babu doya ko rogo ko gero.

Ya dace da ɗan shekara 6 zuwa 9, muddin akwai babba a gefensa da zai riƙa furta masa kalmomin. Mu muna yin kalma biyar kullum bayan sallar Magariba, kuma yanzu mun kai shafin sassan jiki.