TeraCopy ce ta tona asirin filashin da aka sayar mini

Washegarin bikin ƙanwata a Tudun Wadan Zariya, mai hoto ya juye mana komai a laftof ɗina: hotuna sun haura 3,000, ga bidiyon kamu, ga na walima. Gwaggo za ta koma Kano da la'asar, ta ce ba za ta hau mota a Kwangila ba sai da nata a hannu. Na aika aka sayo mini filashi mai gigabayit 64 a Sabon Gari, na fara kwafi da manhajar da na saba da ita. Tun azahar koren layin nan mai nuna inda kwafin ya kai yake cewa saura minti biyar. Na je na yi wanke-wanke na dawo, saura minti biyar. Can ya koma awa biyu, daga nan ya tsaya cak a kan wani fayil, kuma ban san waɗanda suka shiga da waɗanda suka rage ba. Gwaggo ta riga ta yafa mayafi, sai leƙowa take yi: "'Yar nan, wai har yanzu?"

Ɗan yayana da ke karatu a Samaru ne ya ce, "Anti, bari in sa miki TeraCopy." Wata manhajar kwafin fayiloli ce, kuma gaskiya abin ya burge ni. Ga sunan fayil ɗin da ake kwafa, ga nawa aka yi cikin nawa, ga gudun aikin a kowace daƙiƙa, sannan a ƙasa jerin fayilolin gaba ɗaya, kowanne da alamarsa. Da ta iso bidiyon kamu mai gigabayit 6 ya ƙi shiga, ba ta tsayar da komai ba. Ta sa masa alamar matsala ta wuce gaba. Yaron ya duba ya ce filashin yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Ashe a nan waccan manhajar ta farko ta maƙale. Ya mayar da shi exFAT, tsarin da ke karɓar manyan fayiloli, muka sake daga farko.

Ƙiyasin lokacin da ya rage kam, a nan ma yana hawa yana sauka, kuma raina ya ɗan sosu. Amma da yake ina kallon jerin, na gane dalili da kaina. In ana kan babban bidiyo gudun yana daidaita, in aka shiga ƙananan hotuna sai ya faɗi, don kowanne sai an buɗe shi an rubuta an rufe.

Da ta gama, yaron ya danna tantancewa, wato ta sake karanta abin da ke cikin filashin ta gwada da na asali. Na ce masa ɓata lokaci ne, don aikin ya kusa ninkuwa. Ya ce in yi haƙuri. Na farko-farko duk lafiya, amma daga wajen gigabayit 7 zuwa gaba, kusan kowane fayil alamar kuskure. Muka buɗe hotunan ɗaurin aure, suna nan da sunayensu da nauyinsu, amma ba sa buɗewa. Filashin jabu ne. An yi masa dabara yana nuna 64, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Da koren layi kawai na bi, da ya cika na zare na miƙa wa Gwaggo, ta kai Kano ta tara 'yan uwa a kan hotunan da ba su nan. Da wane ido zan kalle ta?

Gwaggo dai ba ta tafi ranar ba, sai da safe, da filashin maƙwabciyarmu da na ara. Shi an tantance shi tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na so a ce rubutun manhajar da Hausa yake, don ba don yaron nan ba da ban gane maɓallin tantancewar ba, kuma masu shagon kwafi su sani ta kyautar don amfanin gida ce, ta sana'a sai an biya. Amma har yau abin da ke ci mini rai mai shagon da aka sayo filashin ne. Na koma da kaina na nuna masa jerin a waya, ya ce tun da na fasa leda ba ya mayar da kuɗi. Filashin yana nan cikin durowa, na ɗaure shi da jan zare kada wani a gidan ya ɗauka ya zuba abu mai muhimmanci.