Tai Chi: wane gida za ka shiga kafin ka biya kuɗin koyo?

Wanda ya shiga intanet neman darasin Tai Chi, fasahar faɗa da motsa jiki ta ƙasar Sin, ko ɗalibin da ke karatu a ƙasar Sin ya ga tsofaffi suna motsi sannu-sannu a lambu da asuba har abin ya ba shi sha'awa, zai ci karo da sunaye kamar Chen, Yang, Wu da Sun. Sunayen zuri'a ne, kuma kowane gida da irin takunsa. A cikin gida ɗaya ma akwai rassan da ba su cika jituwa ba, don haka malamin da ya ce maka "Chen nake koyarwa" rabin bayani ya ba ka.

Chen shi ne gida mafi tsufa. Tushensa ƙauyen Chenjiagou ne a lardin Henan, inda ake jingina fasahar ga Chen Wangting na ƙarni na 17. A nan ana durƙusawa ƙasa sosai, ana murɗa jiki daga ƙugu har zuwa yatsu, sai a tafi a hankali, kwatsam a saki ƙarfi, a doka ƙafa a ƙasa, wani lokaci har da tsalle. Matashi mai ƙoshin lafiya da yake son ya ji cewa dabarar faɗa yake koyo, nan ya kamata ya fara dubawa. Mai ciwon gwiwa kuwa ya yi hattara, domin watannin farko cinya da gwiwa ne ke shan wahala.

Rassan Chen su ne inda mai biya ya fi rikicewa. Na ƙauye suna riƙe da tsohon tsarin jerin motsi, Laojia, wanda Chen Zhaopi ya koyar da su Chen Xiaowang da Chen Zhenglei. Chen Fake kuma ya koma Beijing a 1928, kuma abin da ya fito ta hannunsa da na ɗansa Chen Zhaokui, wato sabon tsari, Xinjia, ya fi yawan ƙananan murɗe-murɗe, ya fi wuyar kamawa ga sabon shiga. Wani almajirin Chen Fake, Hong Junsheng, ya zauna a Jinan ta lardin Shandong, reshensa kuma ya fi damuwa da yadda kowane motsi zai yi aiki a jikin abokin karawa, ba yadda zai burge mai kallo ba. Ni dai da sabon shiga zai nemi shawarata, Laojia zan ce ya fara da shi.

Yang ne ya fi yaɗuwa a duniya, shi ya sa malamansa suka fi saukin samu. Yang Luchan, mutumin Yongnian a Hebei, a hannun Chen Changxing ya koya, sannan ya kai abin Beijing. Jikansa Yang Chengfu (1883–1936) ne ya sassauta shi, ya cire tsalle da dokan ƙafa, ya bar motsi mai faɗi da ke tafiya da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Dogon tsarinsa yakan ci minti 20 ko fiye. Amma da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan Yang, tsarin nan ne mai motsi 24 da hukumar wasanni ta Sin ta tsara a 1956 domin lafiyar jama'a, wanda ake gamawa cikin kamar minti 6. Ba shi da laifi ko kaɗan, kuma yana nan birjik kyauta a YouTube. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar maka da shi da tsada a ce maka sirrin zuri'a ne. Akwai kuma gajeren tsarin Cheng Man-ch'ing mai motsi 37, wanda ya bi ta Taiwan ya isa New York a 1964. Laushinsa ya fi na Yang Chengfu, kuma shi za ka fi tararwa a makarantun Amurka da Turai da dama.

Gidajen Wu biyu ne, kada a haɗa maka su. Na Wu Yuxiang, gidan da ake kira Hao, ƙananan motsi ne da miƙaƙƙen jiki, malamansa kuma ƙalilan ne a wajen Sin. Na Wu Jianquan (1870–1942) ana gane shi da ɗan sunkuyowa gaba. Yana da reshe a Beijing, da na Shanghai inda aka kafa ƙungiyarsa a 1935, da na Hong Kong inda 'ya'yansa suka yi ƙarfi.

Ga dattijo, ko mai nauyin jiki, Sun ya fi dacewa. Sun Lutang (1860–1933) ya riga ya gwanance a wasu dabarun faɗa na Sin, Xingyi da Bagua, kafin ya koyi Tai Chi a wurin Hao Weizhen, yana da shekara sama da 50. Ba a durƙusawa sosai, kuma idan ƙafa ɗaya ta ci gaba, ɗayar takan biyo ta, nauyi ba ya daɗewa a kan gwiwa guda. A kan tsarin Sun ne Dokta Paul Lam na Ostareliya ya gina shirinsa na masu ciwon gaɓoɓi.

Kafin ka tura kuɗi, tambayi silsilar malamin kamar yadda ake tambayar almajiri a gaban wa ya yi karatu, kuma shekara nawa. Hoto da wani babban malami bayan bitar kwana biyu ba almajiranci ba ne. Tambaye shi ko yana koyar da tura-hannu, wato atisayen mutum biyu da ake gwada daidaito da shi. Idan babu, motsa jiki kawai kake saya, farashin ma ya zama na motsa jiki. A darasin intanet, nemi wanda malamin zai ga bidiyonka ya gyara maka tsayuwa, musamman kada gwiwa ta karkata ciki ta saɓa wa yatsun ƙafa. Mai niyyar tafiya Chenjiagou kuma, ƙauyen da sunansa ya ƙara fita tun da UNESCO ta sanya Tai Chi cikin al'adun gado na duniya a 2020, ya tambaya a rubuce wa zai tsaya a gabansa kullum, mai sunan da ke jikin allon makarantar ko ɗaya daga cikin yaransa.