MySQL ko PostgreSQL: wanne ya fi sauƙin raba izini tsakanin ma'aikata?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mai aiki da kamfanin jigilar masu Umara a Jidda, ya ce rumbun bayanansu na ɗauke da sunayen maniyyata, lambobin fasfo da ɗakunan otal na Makka da Madina, amma kowa da asusun shugaba yake shiga. Yana so manhaja ta samu nata asusu, akawu kuma ya riƙa karantawa kawai. Tsakanin MySQL da PostgreSQL, manhajojin sarrafa rumbun bayanai guda biyu, wanne ya fi?

Malam, duka biyun za su yi maka aikin. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke gane mai shigowa, da makomar teburin da aka ƙirƙira bayan an gama rabon izini.

A MySQL suna kaɗai ba ya zama asusu, sai an haɗa shi da inda mutum ya fito. 'akawu'@'localhost' da 'akawu'@'%' asusu biyu ne (na farko daga kan sabar kanta, na biyu daga ko'ina), kowanne da kalmar sirrinsa da izininsa. Sau da yawa kuskure mai lamba 1045, wato an hana shiga, daga nan yake: an ba ɗaya izini, an shigo ta ɗayan. Layi biyu sun isa a ba akawu izinin karantawa kawai a rumbun umara:

CREATE USER 'akawu'@'192.168.1.%' IDENTIFIED BY '...';
GRANT SELECT ON umara.* TO 'akawu'@'192.168.1.%';

Tun siga ta 8.0 da ta fito a 2018, GRANT ba ya ƙirƙirar asusu da kansa, dole a fara da CREATE USER. FLUSH PRIVILEGES da ake yawan liƙawa a ƙarshe kuwa ba a buƙatarsa a nan. Amfaninsa sai in an taɓa teburin mysql.user da hannu, abin da ma bai kamata a yi ba.

PostgreSQL ya raba zancen gida biyu. Asusu yana cikin rumbu, amma daga ina aka yarda ya shigo yana cikin fayil ɗin pg_hba.conf (layin farko a rumbu ake buga shi, na biyu a fayil ɗin):

CREATE ROLE akawu LOGIN PASSWORD '...';
host umara akawu 192.168.1.0/24 scram-sha-256

Daga sama zuwa ƙasa ake karanta fayil ɗin, kuma layin farko da ya dace shi ke yanke hukunci, ko da ya ƙi mutum ba a duba na ƙasa. Bayan gyara a kira SELECT pg_reload_conf(). Ba sai an kashe sabar ba.

Wajen izini ne PostgreSQL ke wahalar da sabon shiga. Ƙofa uku ce a jere: CONNECT a kan rumbu, USAGE a kan sikima (sashen rumbu da ke tattara teburori, kamar public), sannan SELECT a kan tebur. Ga kuma tarkon: GRANT SELECT ON ALL TABLES IN SCHEMA public yana shafar teburorin da ke nan a wannan lokacin ne kawai. In mai manhaja ya ƙara teburin motocin Madina wata mai zuwa, akawu ba zai gan shi ba. Maganin:

ALTER DEFAULT PRIVILEGES FOR ROLE mai_tebur IN SCHEMA public GRANT SELECT ON TABLES TO akawu;

A lura da FOR ROLE. In aka bar shi, dokar za ta hau kan teburorin da mai buga umarnin ya ƙirƙira ne kaɗai, alhali wani asusu ne ke ƙirƙirar su. Haka nan asusun manhaja da aka ba INSERT zai ci tura a tebur mai lambar serial (lambar da ke ƙaruwa da kanta) in ba shi da USAGE a kan sequence ɗin da ke samar da lambar. MySQL ba shi da wannan ciwon kai, umara.* ya haɗa da na yau da na gobe. Sai dai sauƙin nan shi ne haɗarinsa: sabon tebur mai sirri ma a buɗe zai zo wa akawu.

Lambobin fasfo fa? Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumbar 2023, don haka ba kowa ya kamata ya gan su ba. Duka biyun suna ba da izini a kan ginshiƙi, misali GRANT SELECT (suna, otal) ON maniyyata, amma ba zai hana komai ba muddin izinin tebur ko na rumbu gaba ɗaya yana nan. A janye babban tukuna. In kuma ana so ofishin Madina ya ga layukansa kaɗai, PostgreSQL ya yi gaba, yana da tsaron layi-layi tun siga ta 9.5. A MySQL sai a gina view, wato teburin da ke nuna zaɓaɓɓun layuka kaɗai, a ba da izini a kansa.

Ga ƙaramin ofishi mai asusu uku ko huɗu, MySQL ya fi saurin saituwa. In rassa da ma'aikata sun yi yawa, PostgreSQL ya cancanci wahalarsa. Wanda kuwa manhajarsa ta riga ta zauna kan ɗaya, kada ya yi ƙaura saboda wannan kawai.

Saura ma'aikatan wucin gadi na Ramadan da Hajji. Kowa a buɗe masa nasa asusu, izini kuma a ɗora shi kan rol na rukuni, wato tarin izini da ake ba mutane da yawa. A MySQL 8 rol ba ya aiki sai an kunna shi, misali da SET DEFAULT ROLE, in ba haka ba mutum zai shiga ya tarar ba ya ganin komai. Idan lokaci ya ƙare, ALTER USER tare da ACCOUNT LOCK ya rufe shi. A PostgreSQL tun ranar buɗewa za a iya sa VALID UNTIL da ranar da kalmar sirri za ta daina aiki, amma DROP ROLE zai ƙi in asusun ya mallaki wani abu, sai an yi REASSIGN OWNED sannan DROP OWNED a kowane rumbu da ya taɓa.